Ranar da Bango Ya Ƙi Faɗuwa

Kilifa na hannuna, na kai rabin askin kan Bango, sai bakaniken nan na bakin titi ya miƙa hannu ya ɗauki rimot ya mayar da talabijin ɗina tashar ƙwallo. Bai nemi izinin kowa ba. Ƙarfe takwas ne na ranar Alhamis, ana tsakiyar shirin "Amsa ko Ture", kuma mutumin da ake nunawa a cikin akwatin shi ne zaune a kujerata da tawul a wuya.

Na ce masa ya mayar. Ko juyowa bai yi ba, ya ce wa ke kallon wannan tsohon abu yanzu, ai ko kakarsa ta daina. Ni kuwa Allah bai yi ni da doguwar zuciya ba, duk layinmu an sani. Na ajiye kilifa na caƙumi wuyan rigarsa, shi ma ya kai mini naushi a baki, muka yi kan benci muka kife da shi. Kwalbar sifirit ta faɗo ta tarwatse. Abokansa biyu suka shigo faɗan, ɗaya ya riƙe ni ta baya ɗaya yana zuba mini a ciki, ni kuma na samu kunnen bakaniken na riƙe, na rantse sai dai a yanke hannuna.

Sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Bango ne ya taso da rabin aski, ya ɗaga ni da hannu ɗaya, ya ɗaga bakaniken da ɗayan, ya ajiye kowa a kusurwarsa kamar kayan wanki.

"Bar masa ƙwallonsa, ƙanena," in ji shi. "Ni ma na san yadda shirin ya ƙare."

Aka yi dariya, faɗa ya mutu. Da bakaniken zai fita, yana shafa kunne, sai ya dunƙule hannu ya ɗirka wa Bango a ƙirji ya ce "Bango", kamar yadda kowa ke gaishe shi a layin. Bango ya yi dariya kamar kullum. Amma da ya koma ya zauna, na hango ta madubi ya damƙe hannun kujera har jijiyoyinsa sun tashi, ya daɗe bai saki numfashi ba.

Ga wanda bai tarar da zamanin ba, bari in faɗa masa yadda shirin yake. Za a yi wa mutum tambayoyi, in ya kai ƙarshe a shigar da shi wani zobe da aka zana da jan fenti a ƙasa. Bango na tsaye a tsakiya, hannuwansa a baya. A ba mutum ƙaton filo, a ce ya ture Bango ya faɗi kafin a kaɗa ƙararrawa. In ya faɗi, ka tafi gida da firij ko babur. Mutane su yi ta turi suna zamewa suna faɗuwa da kansu, shi ko gezau, mu kuma a gida muna riƙe ciki don dariya.

Abin da ’yan kallo ba su sani ba, ni Bango ya gaya mini a kujerar aski, shi ne babu wanda ya taɓa kayar da shi da ƙarfi. Akwai wani dattijo da ke tsayawa bayan kyamara da farin hankici. In masu shirin sun ga dama a ci kyauta, dattijon ya saki hankicin, Bango kuma ya faɗi. Yakan ce mini tsayuwa kowane ƙato ya iya, faɗuwar ce sana'a, yadda za ka zube dandamali ya girgiza amma ko gwiwarka ba ta goge ba. Ya taɓa faɗuwa don wata tsohuwa da ko filon ba ta iya ɗagawa, garin nan ya yi mako yana zancen.

A lokacin, in takwas ta yi ranar Alhamis, sai na fitar da talabijin ƙofar shago na jera bencina, wasu su zo da kujerunsu. Masu babur su kashe injin. Matan layi su sauke tukunya da wuri. Washegari in Bango ya fito, tun daga ƙofar gidansa har bakin titi naushi ne a ƙirji, yaro da babba, kowa sai ya gwada hannunsa ya ce "Bango", shi kuma ya buɗe ƙirji yana dariya. Gidansa da nawa katanga ɗaya ta raba, ni ma na yi ta cin albarkacin maƙwabtaka, don har daga wata unguwa ake zuwa aski wurina saboda ni ke yi wa Bango.

Sai abin ya fara lalacewa a hankali. Kowa ya samu waya a hannu. Aka kawo tashoshin ƙwallo da finafinai masu dogon zango. Benci ya fara ragowa, na daina fitar da na biyu, daga baya na mayar da talabijin ciki. Tashar ta kawo sabon furodusa, wani matashi mai siririn gemu, ya ce shirin ya yi sanyi, jini ake so. Ya fara da cire filon, aka koma safar dambe. Daga nan mutum biyu a lokaci ɗaya. Daga nan sanduna naɗe da soso, soson kuma kowane mako sai ya ƙara sirancewa. Tambayoyin ma aka rage su, a yi biyu a gurguje a wuce wurin duka. Kuma wallahi mutane ba su dawo ba. Sai dai a yanko guntun wurin da aka maka masa sanda a kunne, ya yi ta yawo a waya, a kalla a yi dariya a wuce na gaba.

Ranar faɗan nan, da shago ya watse na ci gaba da askin, sai kilifa ta ci karo da ƙulu a bayan kunnensa, ya kai ƙwai. Gefensa ga ɗinki sabo, ga wani tsoho da bai gama warkewa ba. Shekara da shekaru ina aske kan nan, na san shi kamar tafin hannuna, da babu ko tabo ɗaya. Na tambaye shi, ya ce aiki ne, in gama in sallame shi.

Da safe matarsa ta kira ni ta kan katanga. Tela ce, mace mai kawaici, ban taɓa jin muryarta ta ɗaga ba. Na zagaya na same ta tsugune gaban baho, ta jiƙa singiletinsa, ruwan ya yi ja. Ta ce sun je asibiti an ɗauki hoton cikinsa. Haƙarƙarinsa na hagu ya tsage, saifarsa kuma ta kumbura ta yi rauni. Likita ya ce duka ɗaya mai kyau a gefen nan ya isa, jini zai yi ta zuba a ciki ba wanda zai gani, kuma in ba a hanzarta ba shi ke nan. Ta roƙe shi ya bar aikin, ta yi kuka, ta kira yayarsa ta yi masa faɗa, duk ya yi kunnen uwar shegu. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa ta rantse ba za ta gaya wa mutanen tashar ba.

"Bai ce kada in gaya wa maƙwabci ba," in ji ta. "Ko naushin layi a rage masa, mai aski. Jiya da ya shigo ya kasa cire riga."

To, an ba mai baki magana. Duk kan da ya zauna a kujerata sai na gaya masa, kuma na ɗora da cewa duk wanda na sake gani ya kai wa Bango hannu, ni da shi ne. Wasu suka ɗauka wasa nake. Mai faci na kusa da ni ya hango Bango tafe, ya dunƙule hannu ya ɗaga, na fito da sandar tsintsiya na sauke masa a wuyan hannu, sai da ya kwana biyu bai ɗaga guduma ba. Daga ranar magana ta shiga.

Na ɗauka na yi abin kirki. Amma sai na riƙa ganin Bango ya fito ya buɗe ƙirji kamar kullum, ya taka tun daga ƙofarsa har bakin titi, mutane suna matsawa gefe suna ce masa sannu, ya jiki. Yara su taho da gudu, uwa ta fizgo su. Wata rana na ga ya tsaya gaban mai kanti, bai sayi komai ba, yana tsaye kawai yana jira, mai kanti ya sunkuyar da kai yana gyara gwangwanaye. Abin ya taɓa ni, amma na ce gara haka.

Da tsakar rana ya shigo shagona, babu kowa. Ya mayar da ƙofa ya rufe. Kafin in ce sannu ya kai wa babban madubina naushi, gilashin ya zube gaba ɗaya. Ya juyo ya shaƙe ni da hannun da ke zubar da jini, ya manna ni da bango, ƙafafuna suna lilo. Na yi ta dukan hannunsa, kamar ina dukan ƙarfe. Idona ya fara ganin duhu, kunnena na ƙara, na ce yau kam matata ta zama bazawara.

"A talabijin ba sa kallona," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "A layi ma ka hana su taɓa ni. To a ina kake so in tsaya?"

Ya sake ni na zube ina tari. Shi kuma ya zauna a kujerar aski ya miƙo mini hannun kamar yaro. Haushi kamar in mutu, amma na ɗauko auduga da ɗan hantsaki na zauna ina zare masa gilashi ɗaya bayan ɗaya, ina zaginsa yana jina. Na ce masa ƙaton banza, mai kan dutse, in ya mutu talabijin ce za ta riƙe masa iyali? Na gama na ɗaure masa hannun.

Sannan ya gaya mini. Tashar ta ba shirin dama ta ƙarshe. In ɗaukar da za a yi ta gaba ba ta jawo mutane ba, za a rufe shi a sa fim a wurin. Furodusa ya shirya mutum uku, sanduna tsirara, babu soso. Ya yi masa alkawari hankici zai faɗi da wuri. Na ce ni ban rantse wa kowa ba, zan je in fasa musu ƙwai. Ya ce in je mana, ƙattai sun ƙare a gari ne? Su kawo wani su sa masa rigar, shi ya zauna a gida yana kallon wani ana ce masa Bango. Na ce to ƙafata ƙafarsa ranar. Ya yi ɗan murmushi ya ce in zo in ga aiki.

Da rana ake ɗaukar shirin, ashe, a wani ƙaton ɗaki marar taga, sanyi kamar cikin firij, wayoyi a ƙasa ko'ina. Ni da nake ganin dubban mutane a akwatina, sai na tarar an lulluɓe kujerun baya da baƙin ƙyalle. Layukan gaba kawai aka cika, da masu shara da masu gadi da wasu da aka kwaso daga bakin titi. Tafin da muke ji a gida, wani mutum ne ke danna shi a na'ura. Mai gabatarwa, wanda muke kira Mai Haƙori saboda murmushinsa, ya tsufa ya rina gashi, ana shafa masa hoda yana hamma. ’Yan kallon kuwa kowa kansa na kan wayarsa.

Na tare furodusa a lungu na gaya masa komai, saifa da haƙarƙari da abin da likita ya ce. Ban tausasa ba, har da yatsa a fuska. Ya share gumi duk da sanyin nan. Ya ce ya tambayi Bango da bakinsa, ya ce lafiyarsa lau. Ya ce in shirin ya mutu, duk waɗanda nake gani a ɗakin nan gida za su koma. Amma ya kira samarin uku a gabana, majiya ƙarfi ne da aka samo daga wurin ɗaga ƙarfe, ya ce musu kafaɗa da baya kawai, kada wanda ya sauka ƙasa da nan, kuma kada su damu, zai faɗi da wuri su raba babur. Ya kira dattijo mai hankici ya ce da an yi ’yan sara kaɗan ya saki. Na ɗan ji sanyi a raina, na koma na zauna a layin gaba.

Bango ya fito cikin jar riga marar hannu, kan da na aske yana ƙyalli. Ya shiga zobe ya mayar da hannuwa baya. Na'ura ta yi tafi. Aka ba samarin sanduna, ƙotar gatari ce sabuwa fil, aka kaɗa ƙararrawar farawa.

Ƙarar sanda a jikin mutum ba irin ta talabijin ba ce. Na farko ya sauke a kafaɗar dama, na ji ta a haƙorana. Na biyu a gadon baya. Na uku a kafaɗar hagu. Bango bai ko ƙifta ido ba. Suka sake zagayowa, fatar kafaɗarsa ta fashe, jini ya gangaro cikin rigar. Na dubi dattijon, na ga ya buɗe yatsu, hankici ya sauka a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi. Bango ya gani, na rantse ya gani, don idonsa ya sauka a kan ƙyallen.

Amma daidai lokacin wata mai shara da ke kusa da ni ta ajiye wayarta a cinya ta ce "kai". Na kusa da ita ma ya ɗago. Kafin ka ce me, duk layin sun ɗago kai. Wani mai gadi ya fara tafi, da hannunsa, wani ya kama, daga baya wani ya ƙwala kira, "Bango!" Sai na ga idon maƙwabcina ya bar hankicin ya koma kan mutanen. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji.

Samarin nan an yi musu alkawarin babur, ga lokaci na tafiya, ga ƙato ya ƙi faɗuwa. Suka dubi juna, sai suka haukace. Babu sauran kafaɗa da baya. Ɗaya ya maka masa a kunne, kunnen ya tsage ya rataya. Ɗaya ya yi ta saran cinyoyinsa da bayan gwiwa. Sandar dogon cikinsu ta karye a bayansa, ya ci gaba da guntun, tsinin yana yagar riga da fata. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki hankicin ya sake saki, ya sake ɗauka ya riƙa kaɗa shi sama kamar mai korar ƙuda. Na yi ihu a kaɗa ƙararrawa. Furodusa na tsaye bayan kyamara, bakinsa a buɗe, yana kallon ’yan kallon da suka miƙe tsaye, hannunsa a kafaɗar mai ɗauka. Bai ce a tsaya ba.

Na tsallake igiyar da ta raba mu da dandamali na yi cikin zoben. Ban kai ba masu gadi biyu suka make ni da ƙasa, ɗaya ya dasa mini gwiwa a baya, ɗaya ya danna fuskata cikin wayoyi. Na gartsa wa hannunsa cizo, ya ba ni gwiwar hannu a baki, na ji haƙorina ya fita na tofar da shi. Daga nan ƙasa, da ido ɗaya, na ga gajeren cikinsu ya zagaya ta hagu, ya ja baya ya riƙe sandar da hannu biyu ya sauke ta ƙarƙashin haƙarƙari. Ƙararta daban ce da sauran, ba ta yi amo ba. Bango ya rufe ido. Gwiwarsa ɗaya ta lanƙwashe, ya mayar da ita.

Aka kaɗa ƙararrawa. Yana tsaye. Ɗakin ya kaure da ihu, har masu kyamara suna tafi, Mai Haƙori ya manta da hodarsa ya rungume shi. Bango na murmushi, haƙoransa jajir.

Abin da ya cuce mu ke nan. Da ya faɗi, da a guje za a kai shi asibiti. Amma bai faɗi ba, kuma duk wanda ke ɗakin nan shekara da shekaru ya saba cewa in Bango na tsaye, Bango lafiya yake. Aka ɗinke masa kunne a ɗakin canza kaya, aka manna masa filasta a kafaɗa, furodusa ya riƙe hannunsa yana cewa an ceci shiri. Na ce mu wuce asibiti yanzu-yanzu. Ya ɗaga riga ya nuna mini gefen, ɗan ja ne kawai, ko fashewa bai yi ba. Ya ce ina jinin? Na ce ai likita ya ce ba a gani. Ya ce in bar shi ya je gida ya gaya wa matarsa tukuna, daga nan duk inda na ce za shi. Na yi faɗa, na yi magiya, direban tasi ya ce shi dai wanda ya fi ƙarfi zai bi.

A bakin layi ya ce a sauke mu, da ƙafa zai shiga. Ya taka a hankali, ƙirji a buɗe, mutane suna matsawa suna kallon filastar. Gumi ke keto masa, na taɓa hannunsa na ji shi sanyi ƙalau. Ya ce kafaɗar hagu ke damunsa, sandar yaron nan ce. Da muka isa bai shiga ciki ba, ya zauna a dakalin ƙofar gida ya jingina, ya ce a ba shi ruwa. Matarsa ta kawo kofi ya shanye, ya ce a ƙaro, ya shanye. Yana ba ta labari yadda suka miƙe tsaye, har da mai shara, ita kuwa ba ta jin komai, leɓensa take kallo da suka yi fari fat. Ta sa hannu ta taɓa cikinsa, ya yi tauri ya ɗago. Ta dube ni, na zura a guje neman mota.

Motar mai kanti muka samu. Mu huɗu muka ɗaga shi, har da bakaniken da na ja wa kunne da mai facin da na daka. Matarsa a gaba, ni a baya, kansa a cinyata, ƙafafunsa sun hana ƙofa rufuwa sai da aka lanƙwasa su. Lokacin tashi daga aiki ne, titi ya cushe. Mai kanti na danna oda, bakaniken da ya matse a gefena ya fita yana dukan motocin mutane da hannu yana rantsuwa a ba mu hanya, har wani direba ya fito suka ba hammata iska a tsakiyar titi. Bango ya buɗe ido ya dube ni.

"Ka ji su kuwa, ƙanena?"

Na ce na ji.

"Ba na'ura ba ce."

Na ce na sani, yaya, hannu ne, na gani da idona. Ya gyaɗa kai. Muna hango ƙofar asibitin na ji nauyin kansa ya canza a cinyata. Na yi salati, matarsa ta juyo ta gani, ta mayar da fuskarta gaba. Na yi kuka a motar nan kamar ƙaramin yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Mutanen tashar sun zo gaisuwa, furodusa bai zo ba, kuma ya kyauta wa kansa. Suka ce za a nuna ɗaukarsa ta ƙarshe ranar Alhamis don girmama shi, daga ita kuma an rufe shirin, don babu Bango. Duk layin aka yi ta cewa za a kalla, wallahi za a kalla, kowa ya yi alkawari a ƙofar gidan.

Ranar Alhamis ɗin matarsa ta aiko a ce ni da matata mu zo. Tun da aka fara sanduna ba ta sake kallon shirin ba, ta ce wannan kam ba za ta iya ita kaɗai ba. Na rufe shago kafin takwas. Na bi layin a hankali ina saurare, don raina ya ƙi yarda. Gidan mai kanti fim ake yi, ana kukan soyayya. Wurin mai faci an taru kan waya ɗaya ana dariya. Sauran tagogin duk muryar mai sharhin ƙwallo ce, ashe ranar ake wasan ƙarshe. Ban ji kiɗan shirin a gida ko ɗaya ba. Na so in ɗauki dutse in bi tagogin nan ɗaya-ɗaya, matata ta riƙe mini hannun riga har muka shiga.

Matar Bango ta tura keken ɗinkinta jikin bango ta shimfiɗa mana tabarma. Talabijin ɗin ƙarama ce, a kan teburin da take yanka yadi. Aka yi tambayoyin, Mai Haƙori ya yi murmushinsa, sai ga Bango ya fito da jar riga. Matata ta rufe fuska da mayafi tun sara na farko. Ita kuwa ta sauko daga kujera ta matsa gaban akwatin a kan gwiwoyinta.

"Faɗi mana, maigida," in ji ta a hankali. "Ya isa haka. Faɗi."

A ciki mutane suka miƙe suna tafi, shi kuma ya gyara tsayuwa. Gajeren yaron ya fara zagayawa. Sai ta ɗaga tafin hannunta ta ɗora a kan gilashin, daidai gefensa na hagu, ta rufe wurin. Duk inda kyamara ta juya sai ta bi shi da hannun. Aka kaɗa ƙararrawa, aka sa tallar sabulu, hannunta na nan a kan gilashin.